Farin Lujain da Ƙwan Macizan Taha

Rusaifa, Makka
3 ga Safar

Maryama ta sauka lafiya! Mace ce, Yaya Rumasa'u, jiya bayan la'asar, kuma bayan uwarta ni na fara ɗaukarta!

Na san Malam Ɗanjuma, wanda ya koya min baƙi a ajin yaƙi da jahilci, ya ce gaisuwa ake fara sawa a wasiƙa. Allah ya jiƙansa, yau dai na saɓa masa. To, assalamu alaikum. Yaya ƙafar taki, yaya mutanen Funtua? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Shekara uku ke nan da muka haɗa ɗanki Abdulmuhaimin da 'yata Maryama muna jira, ga shi Allah ya kawo. Jikarki ce, jikata ce, ba wanda zai yi wa wani gori.

Bari in faɗa miki kamanninta. Fara ce sol, Yaya. Ba farin jarirai ba da ke rinewa bayan suna. Gashin kanta kamar auduga, har girarta fara ce, in haske ya yi yawa sai ta runtse ido kamar mai jin kunyata. Likita ta ce lafiyarta ƙalau, sai dai a kiyaye ta daga rana, a riƙa duba mata ido. Ta faɗi sunan abin da Larabci. Na san abin da ake kiran masu irin wannan halitta a gida, amma ba zan rubuta shi a kan jikata ba, don na sha jin yadda yara ke jifan mutane da shi a kasuwa. Ni dai na yi amarya, kuma ba a taɓa yin mai kyanta a zuriyarmu ba.

Mun tura wa Abdulmuhaimin hotonta can Tabuk inda yake tuƙin tirela. Ya rubuto mabruk, wato barka, daga nan wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Ina jin hanya ce. In ya kira ki, ki ce masa suna ranar Talata, ya zo da wuri ya zaɓi rago da kansa.

Autana Taha ne zai ɗauki hoton takardar nan ya turo miki ta waya. Ya ce me zai hana in yi magana kawai a naɗa. Na ce ban zauna kan benci ina ɗan shekara talatin yara na leƙe ta taga ba don in ajiye alƙalami yanzu.

Ƙaninki mai murna,
Yunus

Funtua
14 ga Safar

Zuwa ga Yunusa,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, mutanen gida suna lafiya. Allah ya raya abin da aka samu, ya ƙara wa mai jego lafiya.

Takardarka ta iso tun ranar. Ban amsa ba ne don ina kallon hoton jaririyar, wanda Abdulmuhaimin ya turo min. Na kai shi bakin ƙofa na duba a haske, na sa tabarau, na cire. Na nemi hancinmu ban gani ba, na nemi goshin Baba ban gani ba.

Yunusa, kai mutum ne mai saurin murna tun kana yaro, ni kuwa shekara talatin na yi ina koyarwa, na saba duba aiki kafin in sa hannu. Ina da tambayoyi, ka amsa min su ɗaya bayan ɗaya ba tare da fushi ba. Wa ke tare da Maryama a ɗakin haihuwa? Daga hannun ungozoma yarinyar ta zo hannunku, ko an fita da ita an dawo? Garinku ba irin mutanen da babu, farare da jajaye, kuma asibiti ana kuskure. Sannan har yanzu Maryama na aikin girki a otal ɗin nan na Jarwal inda alhazan ƙasashe ke sauka? Abdulmuhaimin ya ce min a watan da aka samu cikin kwana huɗu kacal ya yi a gida.

Ban ce komai a kan kowa ba. Amma da uwar yarinyar da ubanta jininmu ne, ni da kai ciki ɗaya muka fito, kuma tun da nake ban taɓa jin irin wannan fari a danginmu ba. Abin da babu a gida, daga waje yake shigowa.

Wayar Abdulmuhaimin lafiyarta lau. Ni na ce ya dakata a Tabuk, kada ya sa hannu a wata takarda sai na fahimci abin da ake ciki. Uwa ce ni, kuma shi kaɗai ne namiji gare ni.

Har yanzu kana manta lanƙwasar ƙa da ɗa. Ka riƙa lura.

Yayarka,
Rumasa'u

Rusaifa, Makka
18 ga Safar

Yaya Rumasa'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafa na ƙara sauƙi. Mu muna lafiya a jiki.

Ga amsoshinki. Yayarta Haifa ce ke ɗakin, kuma ba ta ɗauke ido daga kan jaririyar ba har aka ɗaura mata abin hannu mai sunan uwarta. Maryama ta bar otal tun cikin na wata shida, kuma a ɗakin girkin mata zalla ne. Kwana huɗu kuwa, Yaya, ke kika haifi bakwai, ba ni zan faɗa miki ko sun isa ba.

An yi suna uban bai zo ba. Ni na yanka rago. Maƙwabta na tambaya, ina cewa hanya ce, har bakina ya gaji. Maryama na kiranta Lujain, wai azurfa ke nan da Larabci, amma sunan takarda na nan babu, don ba za a fitar mata da shaidar haihuwa ba sai uban ya je da iƙamarsa, wato katinsa na zama a ƙasar. Ke ba ki zauna ƙasar nan ba. Yaron da ba shi da takarda a nan, makaranta da asibiti duk sai ya ga ƙofa a rufe. Na ga irinsu da yawa lokacin da muke unguwar Tandabawi. Wannan kuwa yarinya ce da za ta riƙa buƙatar likitan ido. Ban nuna wa Maryama wasiƙarki ba, amma ba yarinya ba ce. Ta daina tambaya ko wayar ta shiga.

Yanzu ki saurara, ko da za ki yi dariya. Kin san Taha na kiwon macizai a ɗakin saman bene, irin na ado marasa dafi da ake kawowa daga waje, samarin Jidda na saye. Shekara huɗu ban taka wurin ba, ina ce masa ɗan tela bai rasa sana'a ba. Shekaranjiya ya same ni a shago na ɗinke hannun jallabiya a bai-bai, ya ce: "Yaba," haka yake kirana, "ta'al, zo ka gani abu."

Na hau. Ya nuna min macizai biyu, mace da namiji, dukansu ja-ja da zanen baƙi, ba ɗigon fari a jikinsu. Ya ce bara sun yi ƙwai goma sha shida, huɗu suka fito farare masu jan ido. Na ce ƙarya kake. Ya ce kowane ɗa rabi yake ɗauka wajen uwa, rabi wajen uba. Farin ba ya bayyana sai ya zo ta ɓangare biyu. In ta ɓangare ɗaya ya zo, sai ya kwanta a jini shiru, mai shi bai sani ba, ya miƙa wa ɗansa, ɗan ya miƙa wa nasa, har ranar da masu ɗauke da shi biyu za su haɗu. Ko a nan ma, kusan ɗaya cikin huɗu ne ke fitowa fari. Ya ce mutane ma haka ne, kuma Abdulmuhaimin da Maryama kamar macizan nan biyu suke, kowannensu na ɗauke da abin a jininsa.

Kada ki ɗauka na yarda nan take. Yaron na son yayarsa, zai iya shirya min labari. Na buɗe kowane akwati a ɗakin, babu farin maciji ko ɗaya, ya sayar da na bara. Macen kuwa cikinta ya yi nauyi, jiya a gabana ta zuba ƙwai goma sha huɗu. Na ƙirga sau uku. Ya jera su cikin akwatin ɗumi mai murfin gilashi, ni kuma na sayo kwaɗo na garƙame, makullin na jikin carbina. Ba ya buɗewa sai ina tsaye. Ya ce wata biyu za su yi.

In duk sun fito ja, zan rubuto miki da hannuna in ce Taha maƙaryaci ne.

Ƙaninki,
Yunus

Funtua
29 ga Safar

Yunusa,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ƙafar ta tashi kwana biyu, ta kwanta.

Sau biyu na karanta takardarka don in tabbatar idona ne ko hannunka. Ɗana ne kamar maciji? Ɗan da na ba ka ya zauna ƙarƙashinka a baƙon gari, shi ne yau ka haɗa da abin da ke ja da ciki, har kana cewa yana ɗauke da wani abu a jininsa? Wace cuta ce kuke neman ɗora masa? Lafiyayye na ba ku shi. In akwai abin da aka ɗauko, a nemi inda aka ɗauko shi.

Shi kuma Taha, yaron da ko gaisuwar kirki ba ya iya haɗawa da Hausa sai ya cusa Larabci, shi ne ya zama malaminka? Ka rufe ƙwai da kwaɗo, to sai me? Maciji dabam, ɗan Adam dabam. Ko duka goma sha huɗun sun fito fari kamar alli, ba su faɗa min komai a kan jikata ba, in jikata ce.

Ka ce abin na kwanciya a jini ana miƙawa. To daga wa aka miƙo? Ka kawo min sunan mutum ɗaya, ɗaya tak, a kakanninmu da aka haifa haka. Ka kawo, ni da kaina zan ce wa Abdulmuhaimin ya bar motar a bakin titi ya taho. In ba ka da shi, ka daina aiko min da labarin macizai.

Kada ka zaci daɗi nake ji. Yaron nan kullum sai ya kira ni, ba ya cewa komai sai "Inna, yaya ake ciki?" Ya rame, ina ji a muryarsa. Ya ce hoton na wayarsa bai goge ba, bai kuma ƙara buɗewa ba. Kawunansa na wajen uba sun fara cewa ya sawwaƙe mata kowa ya huta. Ni ce na ce a jira. Ban san iya kwanakin da zan iya riƙe su ba.

Rumasa'u

Rusaifa, Makka
4 ga Rabi'ul Awwal

Yaya Rumasa'u,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa. Lujain ta fara bin murya da kai, in na yi tari sai ta juyo.

Ban kira ɗanki maciji ba, kuma ba cuta nake nufi ba. In akwai abin a jininsa, to daga jininki ne, naki kuwa nawa ne. Amma bar wannan. Kin nemi suna, kuma zan taɓo abin da kika hana ni faɗa shekara hamsin da biyar. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Daren jiya ban ci abinci ba, yau da safe muna shan shayi Taha ya ce: "Yaba, wannan farin, esh sunansa da Hausa?" Na ci gaba da shan shayina, ya nace. Na ce zabiya ake cewa, kuma kada in ji shi a bakinka. Sai ya ajiye kofi ya ce: "Zabiya? Ba kai ka taɓa ce min kakarka zabiya ce ba?" E, na taɓa faɗa masa, ranar da na kama shi yana koyon kiɗa, don in tsorata shi. Na ce wannan dabam, waccan mawaƙiya ce ta gidan biki. Ya ce: "Kalma ɗaya? Ɗayyib, yaya kuka san wacce ce?"

Na so in yi masa tsawa, sai na ji ni ma ina tambayar kaina. Yaya, yaya muka sani?

Ki tuna. Baba bai taɓa yi mana maganar uwarsa ba. Ta rasu yana saurayi, ya bar Unguwar Ɗinya ya dawo Funtua bai ƙara kwana can ba. Inna ba ta san ta ba. Ranar da aka buɗe akwatinsa bayan rasuwarsa aka sami takardar iyakar gona, ke kaɗai ke karatun boko a gidan, kina aji shida. Kika ja ni bayan rumbu kika karanta min: gonar Zali zabiya. Kika ce ashe kakarmu mawaƙiya ce mai bin bukukuwa, shi ya sa Baba ke ɓoye ta, in mutane suka ji ba mai aurenki. Kika sa na rantse. Ni lokacin ko alif na boko ban sani ba, abin da kika ce shi ne.

A baki, maganar da ke kewaye da kalma ita ke nuna wacce ake nufi. A takardar nan kuwa ba komai sai kalmomi uku. Ba wanda ya ce mana ta yi waƙa. Ba mu taɓa jin baiti ɗaya da aka ce nata ne ba, kuma kin san waƙar zabiya ba ta mutuwa da mai ita. Mu muka zaɓa da kanmu, muna yara, a bayan rumbu.

Ban ce na tabbata ba. Amma Unguwar Ɗinya ba ta fi tafiyar awa guda daga ƙofarki ba. In akwai tsohon da ya rage wanda ya ga Zali da idonsa, ki tambaye shi abu ɗaya: wace irin zabiya ce? In ya ce mai waƙa, na yi shiru, kuma kunyar da na tono tawa ce.

Ƙwan na nan goma sha huɗu. Ɗaya ya yi ruwan ƙasa, Taha ya ce ya lalace. Ban bari ya cire ba.

Ƙaninki,
Yunus

Rusaifa, Makka
25 ga Rabi'ul Awwal

Yaya,

Sallama. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya.

Mako uku ke nan. Taha ya ce alamar waya ta nuna an buɗe takardata tun ranar da ta isa. In fushi kike yi, ki yi da ni a rubuce, na fi gane shi.

Maryama ta yi arba'in tun kwana goma sha uku. Ya kamata ta koma ɗakinta, tana nan wurina. Jiya na ga ta wanke kayan Abdulmuhaimin ta goge, ta jera cikin jaka ta zuge. Na ce na mene ne? Ta ce don in ya aiko a ɗauka kada a same su da datti. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

Ko kin je, ko ba ki je ba, ki faɗa min.

Yunus

Funtua
6 ga Rabi'us Sani

Zuwa ga ƙanena Yunusa,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaida Taha, ina gaida Maryama gaisuwa ta musamman. Ƙafa ta kumbura saboda hanya, ba komai.

Mako biyu na yi ina fushi da kai. Na uku na yi shi ina tsoro, don na ga ko wace amsa aka ba ni akwai abin da zan haɗiya. Sai ranar Laraba na shiga mota zuwa Unguwar Ɗinya.

Mutum ɗaya ta rage, Iya Tambai, ta haura casa'in, ba ta gani amma kanta garau. Na gaishe ta na ce ni jikar Zali ce. Ta kama hannuna tana shafawa ta ce: "Ke baƙa ce ko fara?" Yunusa, a nan na gane inda maganar ta dosa. Duk da haka na daure na ce: "Iya, an ce kakarmu mawaƙiya ce." Ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa. Ta ce: "Zali? Waƙa? Matar da in ta yi guɗa kaji ke watsewa?"

Ta ce fara ce tas, gashinta kamar gashin masara, idonta na rawa. Ba ta fita gona sai da malafa mai faɗi, kuma da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi ta dawo. Ita ke yi wa 'yan matan unguwa kitso a cikin zaure, tana kusanto da kai dab da fuskarta don ta gani. Iya Tambai ta ce har yau tana jin numfashinta a ƙeyarta. Ta ce yara na bin ta da waƙar tsokana a hanyar rafi, Baba yana dambe da su kullum har aka karya masa haƙori. Haƙorin nan na gaba, Yunusa, wanda ya ce mana jaki ne ya harbe shi.

Na zauna a tabarmar matar nan na rasa inda zan sa fuskata. Ba kunyarta Baba ke ji ba, ciwonta yake ji. Ni kuwa na karanta kalma ɗaya ba daidai ba ina 'yar shekara goma sha uku, na binne kakata da ita, na tashi zan binne jikata. Ni da ke gyara maka lanƙwasa.

Ban jira na iso gida ba, a tashar mota na kira Abdulmuhaimin. Na faɗa masa duka. Sai na ji yana ce wa wani ya zo ya karɓi motar. Kawunansa kuma na je musu da kaina.

Ga roƙona biyu. In uban ya yarda, a sa mata Zaliha a takarda. Ku ci gaba da kiranta Lujain, don ba mai kiran sunan kakarmu gatsal a gabana. Na biyu, ka karanta wa Maryama wannan takarda, har da ta farkon da ka ɓoye. Ta san abin da na ce, sannan ta san na janye shi. Ba na neman ta yafe yau.

Ka ce wa Taha Hausarsa ta fi tawa.

Yayarka,
Rumasa'u

Rusaifa, Makka
18 ga Rabi'us Sani

Sun fashe, Yaya! Uku farare! Goma ja, uku farare sol masu jan ido, ɗaya kuwa da ma ya lalace!

Malam Ɗanjuma ya ƙara yin haƙuri. Assalamu alaikum, yaya ƙafa, yaya gida? Mu nan lafiya, lafiyar da ta daɗe ba ta shigo gidan nan ba.

Shekaranjiya da hantsi na farko ya tsaga ƙwai ya leƙo da kai, ja. Na biyu ja, na uku ja, har na bakwai. Taha ya fara zufa, ni ina juya makulli a carbi ina kallonsa. Na takwas da ya leƙo, sai na ji na yi kabbara har mai shagon ƙasa ya hawo da gudu ya zaci gobara ce. Na san kin riga kin samo amsa a bakin Iya Tambai, ba kya buƙatar macizai. Amma ni na rufe akwatin nan da hannuna, dole in ga ƙarshensa.

Abdulmuhaimin ya iso kwana biyu bayan wayarki. Ya tsaya bakin ƙofa ya kasa shigowa, sai da na ce masa gidan ba kare. Na miƙa masa ita. Ta runtse ido, ta buɗe, ta kama masa gemu. Ba zan rubuta yadda ya yi ba, ɗanki ne, ki bar masa mutuncinsa. Washegari ya je da iƙamarsa, takarda ta fito, ga ta nan kusa da ni ina rubutu: Zaliha Abdulmuhaimin.

Na karanta wa Maryama wasiƙunki biyu kamar yadda kika ce. Ta saurara har ƙarshe ba ta ɗago ba. Ba ta koma ɗakinta ba tukuna, ta ce sai ta ga dama, kuma na ce masa kada ya matsa, kwana saba'in ba a goge su da kwana bakwai. Kullum yana zuwa bayan la'asar ya zauna a tabarma kamar mai neman aure. Jakar kayansa dai na ga an buɗe ta. A karatun wasiƙar, da na zo wurin haƙorin Baba, Maryama ta ce in tambaye ki ko ana samun ƙaramar malafa a kasuwar Funtua, irin ta Zali. Saƙonta ke nan gare ki, ba ni na ƙara ba.

To ki sayo, kuma kada ki ba kowa saƙo, ki kawo da kanki. Umara ba ta da wata, ƙafarki kuma akwai keken turawa a Harami, ni zan tura ki. Na hana Taha sayar da fararen nan uku sai kin gani. Ki taho da 'ya'yanki mata, ki taho da kawunan nan masu saurin yanke magana, in Iya Tambai za ta iya jirgi a ɗauko ta ta shafa kan yarinyar ta faɗa mana ko gashin iri ɗaya ne. Maƙwabtan da suka yi ta tambayata ina uban, na riga na bi su ƙofa ƙofa. Bene hawa uku ne, macizai na sama, amaryata na ƙasa, shayi na kan wuta. Ku zo dukanku ku ga Zali ta dawo.

Ƙaninki,
Yunus